Ƙaiƙayin gaba: abin da ya sa masana suka koma lalube cikin tsofaffin magunguna

A shekarar 2001 wasu likitoci a birnin Innsbruck na ƙasar Ostiriya suka fitar da wani ɗan gajeren rahoto a kan mata uku. Dukansu suna fama da matsanancin ɓacin rai da ƙuncin zuciya da ke taso musu gab da jinin al'ada, sai aka ɗora su a kan sertraline, maganin da likitocin ƙwaƙwalwa ke ba masu ciwon damuwa. Matan nan kuma suna da wata matsalar ta daban, ƙaiƙayin gaba mai tafiya yana dawowa. Duk tsawon lokacin da suke shan maganin, ƙaiƙayin bai tashi ba. Likitocin suka gwada maganin a kan ƙwayar Candida a ɗakin bincike, suka ga lallai yana yi mata illa.

Yau fiye da shekara ashirin ke nan, kuma babu wata ƙa'idar jinya da ta ce a ba mace sertraline don ƙaiƙayin gaba. Wanda ya fahimci dalilin haka ya fahimci yawancin abin da ke cikin wannan batu na ɗauko tsohon magani a ba shi sabon aiki.

Sai mun fara tsame ciwon daga cikin buhun da muka jefa shi. A wurinmu duk abin da ya damu mace a gabanta sunansa sanyi, ko kuma "infekshan" a bakin 'yan boko, kuma yawanci masai ake ɗora wa laifi. Alhali cututtuka ne mabambanta, kowace da abin da ke kawo ta da maganinta. Wanda muke magana a kai ba ƙwayar bakteriya ke kawo shi ba. Wani nau'in yis ne, dangin funfuna, kuma ɗan'uwan abin da ke kawo makero da ƙyasbi. Sunansa Candida, kuma mafi yawan lokuta jinsin da ake kira Candida albicans ne. Ba daga masai ake ɗebo shi ba. Yana zaune lafiya lau a hanji da baki da gaban mata masu yawa da ba su jin komai. Yakan tashi ne idan wani abu ya sauya: juna biyu, ciwon suga da ba a kula da shi, raunin garkuwar jiki, ko shan maganin kashe bakteriya irin su Ampiclox, wanda ke share ƙwayoyin kirki masu tsare wurin ya bar wa yis fili. Alamominsa mata sun san su: ƙaiƙayi mai hana barci, raɗaɗi wajen fitsari ko saduwa, da farin abu mai kauri kamar dusar awara, yawanci ba tare da wari ba.

Ƙiyasin da aka saba kawowa shi ne mata uku cikin huɗu za su gamu da shi aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu. Ga mafi yawansu abu ne mai sauƙi: matsin clotrimazole na 'yan kwanaki, ko ƙwaya ɗaya ta fluconazole mai miligiram 150, shi ke nan. Matsalar tana ga waɗanda yake dawo musu sau uku, sau huɗu ko fiye a shekara. Wani nazari da David Denning na Jami'ar Manchester da abokan aikinsa suka buga a 2018 ya ƙiyasta cewa mata miliyan 138 ne ke cikin wannan hali a duniya kowace shekara. Ciwon ba ya kisa, shi ya sa ba a cika jin sa a tarukan lafiya ba. Amma yana ɓata aure, yana hana sukuni wajen ibada da aiki, kuma yana cin kuɗi wata bayan wata.

Abin da likitoci ke da shi a hannu don irin waɗannan mata ya samo asali ne daga gwajin da Jack Sobel na Jami'ar Wayne State da ke Detroit ya jagoranta, wanda aka buga a 2004. An ba mata fluconazole sau ɗaya a mako har wata shida. A ƙarshen wata shidan kusan kashi 91 cikin ɗari ba su da ciwon. Aka dakatar da magani, aka sake dubawa bayan wani wata shidan, sai ga kashi 43 kacal suka rage lafiya. Wato maganin danne ƙwayar yake yi, ba ya kawar da ita. Ga kuma wasu jinsunan da tun asali ba su cika jin sa ba. Candida glabrata takan yi masa taurin kai, Candida krusei kuwa ko a jikinta.

To me ya hana a ƙirƙiro sababbi? Yis ya fi bakteriya kama da mu nesa ba kusa ba. Ginin ƙwayar halittarsa da tamu iri ɗaya ne a wurare da dama, don haka abin da zai kashe shi yakan taɓa mu. Shi ya sa bayan shekaru saba'in ana nema, tun daga nystatin da Elizabeth Hazen da Rachel Brown suka gano a New York a 1950, manyan gidajen maganin funfuna ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Sai a 2022 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin farko na funfunan da ya kamata a mayar da hankali a kansu, guda 19, kuma Candida albicans tana cikin rukunin da aka fi damuwa da shi.

An dai samu sababbi biyu a Amurka kwanan baya: ibrexafungerp a 2021, da oteseconazole a 2022. Dukansu an hana mai ciki sha. Na biyun ma an hana duk macen da za ta iya ɗaukar ciki, domin yana daɗewa a jiki har kusan shekara biyu, kuma ana tsoron illarsa ga ɗan tayi. A yi tunanin wannan a Kano ko Maraɗi, inda mace kan shafe shekarun ƙuruciyarta tsakanin goyon ciki da goyon baya, kuma a daidai waɗannan shekarun ciwon ya fi damun ta. Ba a ma zo maganar farashi ba.

A nan tunanin komawa ga tsofaffin magunguna ya samu gindin zama. Ƙirƙiro magani daga tushe yakan ci shekara goma zuwa sha biyar da dukiya mai ɗimbin yawa, kuma yawancin waɗanda aka fara ba sa kai labari. Maganin da aka daɗe ana sha kuwa an san yadda jiki ke sarrafa shi, an san illolinsa, akwai masana'antun da ke yin sa da araha. Kuma an sha dacewa. Sildenafil don ciwon ƙirji na zuciya aka fara gwada shi kafin ya zama Viagra a 1998. A watan Yunin 2020 masu bincike a Oxford suka nuna cewa dexamethasone, maganin da ake samu a kowane kemis, yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu korona da ke kan na'urar numfashi.

A fagen ciwon da muke magana ma ba sabon abu ba ne. Flucytosine an haɗa shi ne a 1957 da niyyar yaƙar ciwon daji, bai yi abin kirki ba, bayan 'yan shekaru aka gano yana kashe yis. Yau ƙwararrun likitoci kan sa a haɗa shi a matsayin man matsi ga matan da glabrata ta ƙi jin komai, sau da yawa tare da wani maganin funfuna mai suna amphotericin B, domin idan shi kaɗai ne ƙwayar kan saba da shi da wuri. Sai boric acid, farin garin da ake sawa har a maganin kyankyasai. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta amince a zuba miligiram 600 a kwanson kafso a yi matsi da shi kullum na mako uku, ga jinsunan da ba albicans ba, kuma yana warkar da kusan kashi 70 cikin ɗari. Amma guba ne idan aka haɗiye shi, ba a ba mai ciki, kuma gidan da ke da yara masu lalube sai an yi hattara da inda aka ajiye shi. Akwai kuma GV, ruwan nan mai rina fata da ake shafa wa gyambo, wanda asalinsa rini ne. An daɗe ana shafa shi ga Candida, sai dai a 2019 hukumar lafiya ta Kanada ta yi gargaɗin yana iya jawo ciwon daji, aka janye shi daga kasuwarsu.

Masu bincike na yanzu sukan ɗauki ɗaruruwa ko dubban magungunan da aka riga aka amince da su, su ɗiga kowanne a kan Candida cikin ƙananan ramukan faranti, su ga wanne zai hana ta girma. Sunaye da dama sun fito ta wannan hanya da makamantanta. Masana a Porto ta ƙasar Fotugal sun nuna ibuprofen yana toshe 'yan famfunan da ƙwayar ke amfani da su wajen fitar da fluconazole daga cikinta, har mai taurin kai ta koma jin magani. Magungunan rage kitsen jini, irin su simvastatin, suna tare hanyar da yis ke bi wajen gina ergosterol, kitsen da yake yin fatarsa da shi. Akwai auranofin na ciwon gaɓɓai, da niclosamide na tsutsar ciki, da miltefosine wanda shi ma daga binciken ciwon daji ya koma maganin kala-azar, wani zazzaɓi mai kumbura saifa.

Duk wannan a faranti ne, ko a jikin ɓera. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Abu na farko da ke kayar da irin waɗannan sakamako shi ne yawan maganin da ake buƙata. Sau da yawa adadin da ya kashe ƙwayar a faranti ya ninka abin da jinin mutum zai iya ɗauka ba tare da ya cutu ba. Na biyu, gaban mace lafiyayyiya wuri ne mai tsami, kuma Sobel da abokan aikinsa sun nuna cewa magunguna da dama ƙarfinsu na raguwa a irin wannan tsamin, alhali gwajin faranti yawanci ba a cikinsa ake yin sa ba.

Sertraline ɗin da muka fara da shi ya samu damar da sauran ba su samu ba, duk da cewa a kan wani ciwon ne. A Yuganda, a Kampala da Mbarara, an gwada ƙara shi a kan maganin sanƙarau na funfuna da ke kashe masu cutar ƙanjamau. Faranti ya ce zai yi, ɓera ya ce zai yi, gwajin farko a jikin mutane ma ya ba da fata. Aka yi babban gwaji da mutum 460, aka buga sakamako a 2019. Bayan mako 18, kashi 52 cikin ɗari na waɗanda suka sha sertraline sun rasu, a ɓangaren waɗanda ba su sha ba kuwa kashi 46. Tun kafin a kai ƙarshe aka tsayar da gwajin don an ga babu amfanin ci gaba. Wannan bai tabbatar da cewa ba zai yi aiki a kan ƙaiƙayin gaba ba, ciwo ne daban a gaɓa daban. Abin da ya nuna shi ne nisan da ke tsakanin mata uku a Innsbruck da hujjar da likita zai dogara da ita.

Ni a ganina ɓangaren da ya fi cancantar a zuba masa ido ba na masu kashe ƙwayar ba ne. Wani ne da ya taso daga wata tambaya ta daban: shin me ke kawo ƙaiƙayin ma tukuna?

An daɗe ana ɗauka cewa macen da ciwon ke yawan damu garkuwar jikinta ce ta yi rauni a wurin. Paul Fidel, masani a New Orleans, ya yi wani gwaji mai ban mamaki da aka buga a 2004. Mata 'yan sa-kai suka amince aka sa musu Candida mai rai a gabansu, aka zuba ido. Wasu suka ɗauki ƙwayar ba su ji komai ba. Waɗanda suka kamu da ƙaiƙayi da raɗaɗi su ne waɗanda jikinsu ya turo rundunar fararen ƙwayoyin jini zuwa wurin. Kuma rundunar nan ba ta kawar da yis ɗin, ɓarna kawai take yi wa naman wurin. Ashe ba rashin faɗa ne ke damun waɗannan mata ba, faɗan ne ya yi yawa kuma ba ya cin abokin gaba.

A 2016 aka samu wani guntun amsar. Ƙungiyar Julian Naglik a Landan da ta Bernhard Hube a Jena ta Jamus suka gano cewa idan Candida albicans ta bar siffarta ta ƙwallo ta miƙe ta zama zare, tana fitar da wani dafi da suka sa wa suna candidalysin, mai huda fatar ƙwayoyin jikinmu. Hudar nan ke tayar da wata ƙararrawa a cikin ƙwayoyin garkuwa, wadda masana ke kira NLRP3, ita kuma ta saki sinadarin da ke kiran rundunar. Idan haka ne, ana iya sama wa mace sauƙi ta hanyar rage ƙarar ƙararrawar, ko da yis ɗin yana nan.

Abin sha'awa, akwai tsohon magani mai yin hakan, kuma duk mai ciwon suga a ƙasar nan ya san shi: glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil. A 2015 wani bincike da Brian Peters ke ciki ya nuna cewa sa shi a gaban ɓeraye masu Candida yana rage kumburi da taruwar fararen ƙwayoyin jini. Daga baya ɗakin bincikensa a Memphis ya nuna 'yan gidan wannan magani suna toshe ƙararrawar da candidalysin ke tayarwa. A Perugia ta Italiya kuma an gwada anakinra, allurar ciwon gaɓɓai mai tare wancan sinadarin kira, aka ga sauƙi a jikin ɓeraye.

Sai zinc, wanda iyaye mata suka sani tare da ruwan gishiri da suga idan yaro na gudawa. A ƙarshen 2023 ƙungiyar Duncan Wilson ta Jami'ar Exeter a Ingila ta buga bayanin cewa idan Candida albicans ta rasa zinc, takan fitar da wani furotin mai suna Pra1 don ya kwaso mata shi, kuma wannan furotin na daga cikin abubuwan da ke tunzura jiki. Idan aka ba ta ɗan zinc kaɗan sai ta daina fitar da shi. Wato maimakon a yaƙe ta, a ƙosar da ita ta yi shiru. Glabrata ba ta da wannan furotin sam, kuma dama an san ba ta cika tayar da kumburi kamar albicans ba, abin da ya ƙara wa hujjar ƙarfi. Sun gwada wani man matsi mai ɗan zinc a kan mata shida masu fama da ciwon a kai a kai, biyar ba su sake kamuwa ba cikin wata uku. Tunani ne mai kyau ƙwarai. Amma mata shida ne, babu rukunin da aka ba man da ba komai a ciki don a kwatanta, kuma mun ga inda mata uku suka kai mu.

Ɓera ma shaida ce mai rauni a wannan shari'a. Candida albicans ba ta zama a gaban macen ɓera da kanta, sai an yi wa ɓerar allurar sinadarin mata na estrogen kafin ciwon ya kama, kuma gaban ɓera ba shi da tsamin na mace.

Akwai wata magana da ake yawan yi, wai tsohon magani an riga an san lafiyarsa. An san ta ne a kan adadin da aka saba, ta hanyar da aka saba, ga mutanen da aka saba ba wa. Ƙwayar da aka yi don ciki ba a san me za ta yi wa fatar gaba ba idan aka mayar da ita matsi, ba a san yadda za ta yi da ƙwayoyin kirki na wurin ba, ba a san nawa za ta ratsa ta kai ga ɗan tayi ba. Miltefosine an san yana nakasa ɗan tayi. Haɗa magunguna kuma yana da nasa haɗarin, domin fluconazole yana rage saurin da hanta ke narkar da wasu magunguna. Idan ya haɗu da glibenclamide sukarin jini na iya faɗuwa warwas, idan ya haɗu da simvastatin tsokar jiki na iya lalacewa har ta taɓa ƙoda. Shi kansa fluconazole na sha, wani babban nazari a Denmark a 2016 ya danganta shi da ƙaruwar ɓari, shi ya sa matsi na kwana bakwai ake ba mai ciki.

To me ya sa ba a yi manyan gwaje-gwajen an huta ba? Kuɗi. Haƙƙin mallakar magani shekara ashirin ne, na su glibenclamide da ibuprofen ya ƙare tuntuni. Kamfanin da ya kashe miliyoyin daloli ya tabbatar da sabon amfaninsu, washegari kowace masana'anta a Indiya ko Legas za ta sayar da nata a kan wannan hujjar ba ta biya ko sisi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Arahar da ta sa ake sha'awar waɗannan magunguna ita ce ta bar su ba uban goyo. Gwajin dexamethasone da kuɗin gwamnatin Birtaniya aka yi shi, saboda annoba ta tsorata kowa. Ciwon da ba ya kisa, wanda masu shi ke jin nauyin ambatonsa ko a gaban likita, da wuya ya samu irin wannan gata.

Mu kuma a nan muna da wata matsalar da ba ta dami Exeter ko Memphis ba. Can, labarin ɓera yakan tsaya a mujallar masana, domin yawancin magungunan ba a samun su sai da takardar likita. Nan kuwa duk abin da na ambata a sama, in ban da kaɗan, ana iya sayensa a kemis ɗin bakin layi ba tambaya. Mun ga yadda aka yi a watan Maris na 2020, da aka ce chloroquine na maganin korona: kafin a ce kwabo ya yi tsada, hukumomin Legas kuma suka ba da sanarwar an kwantar da mutane saboda sun sha ya wuce kima. Daga baya gwajin Oxford ɗin nan ya nuna ɗan'uwansa hydroxychloroquine ba ya hana mutuwa. Ba wuya a wayi gari masu tallar kayan mata a Facebook da TikTok suna daka Daonil ko ƙwayar zinc ta yara suna cewa binciken Turawa ne.

Kuma kafin a zo ga wane magani, akwai tambayar wane ciwo. A wani nazari a Amurka da aka buga a 2002, an bincika mata 95 da suka sayi maganin yis da kansu suna da yaƙinin shi ke damun su. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka samu da Candida ita kaɗai. Sauran wasu bakteriya ce, wasu haɗin cututtuka biyu, wasu ma ba ƙwayar cuta ko ɗaya. Wannan a ƙasar da ciwon ke da sunansa na kansa ke nan, balle inda duka ake ce musu sanyi. Mace ta tsaya gaban mai kemis ta sassauta murya ta ce, "Malam, a taimaka min da maganin infekshan," a ƙulla mata Flagyl da Ampiclox da matsi a leda ɗaya, Ampiclox ɗin ya sake share wa yis fili, bayan mako uku ta dawo. Da yawa daga cikin waɗanda ake cewa magani ya daina yi musu aiki ba a taɓa ɗibar ruwan gabansu an duba a madubin likita ba, gwajin da ba ya wuce 'yan mintoci. Ba a auna sukarin jininsu ba, balle a shuka ƙwayar a gane albicans ce ko glabrata, wanda shi ne zai nuna ko fluconazole za a ci gaba da ba ta ko kuwa lokacin boric acid ya yi.